Tsakanin Mai Kyamara da Mai Kwamfuta: Mutanen da Ke Haɗa Bangon Mujalla a Gudu

Unguwar Gudu ta Abuja ba da aikin jarida aka san ta ba. Mai neman kayan wuta ya san kasuwarta, mai shari'a ya san kotunanta, kowa kuma ya san maƙabartarta. Sai dai tana maƙwabtaka da rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo, kuma ba ta da nisa da Area 10 ta Garki, inda masu ɗab'i suka yi dandazo. A garin da ke da sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, ban da ministoci da manyan sakatarori da matansu, ba a rasa mai son ganin fuskarsa a bangon mujalla. Shi ya sa a benayen shagunan wannan yanki ake samun ƙananan ofisoshi masu tebur biyu, kwamfuta ɗaya da janareto a baranda, inda ake haɗa mujallun da wasunsu ke fita wata-wata, wasu kuma sai ranar da Allah ya kawo mai talla.

Mutum biyu ne ke riƙe da kamannin kowace mujalla. Na farko mai ɗaukar hoto. Na biyu daraktan zane, wanda a nan aka fi kira mai dizayin ko mai tsara shafi. Shi ke yanke hukuncin hoton da zai hau bango, da girmansa, da inda kanun labari zai zauna, da irin harafi da launi. A manyan mujallun duniya shi ke nemo mai hoto, ya faɗa masa abin da ake so, su daidaita kan kuɗi da ranar kawo aiki, sau da yawa ma ya tsaya a wurin ɗauka. Mai hoto ke kawo yadi, mai tsara shafi ne tela, kuma kowa ya san yadda ake ƙarewa tsakanin tela da mai yadi ana gobe salla.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce ga mai karatun Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fito a Maris ɗin 1999, Aminiya ta biyo baya a 2006, kuma a kowacce sai da wani ya zauna ya zaɓi hoto ya ba shi gurbi. Almakashi da gam sun ba CorelDraw da Photoshop wuri, amma masu riƙe da su ba su sake hali ba. Ga kaɗan daga cikinsu.

Mai Almakashi

Wannan bai taɓa ganin hoton da bai yi masa yawa ba. A kawo masa hoton Alhaji zaune a falonsa, ga darduma 'yar Turkiyya, ga hoton Ka'aba a bango, ga jikoki biyu a gefe, abin da mai hoto ya kwashe rabin yini yana jerawa, sai ya ja layi huɗu ya bar fuska da rabin hula. Jikokin sun tafi, dardumar ta tafi, wani lokaci har kunne ɗaya ya bi su. In mai hoto ya yi ƙorafi, amsarsa ba ta canzawa: "Malam, ina kake so in sa kanun labari? A goshinsa?" Kuma sau da yawa a goshin yake sa shi.

A yi masa adalci, yana da magabata na ji da gani. Alexey Brodovitch, ɗan asalin Rasha da ya riƙe tsarin mujallar Harper's Bazaar ta Amurka daga 1934 zuwa 1958, ya yi suna wajen datse hoto da karkatar da shi yadda ya ga dama, kuma a hannunsa mai ɗaukar hoto Richard Avedon ya zama abin da ya zama. A 1946 mujallar ta sa Arnold Newman ya ɗauko hoton mai tsara kiɗa Igor Stravinsky zaune a gefen fiyano. Brodovitch ya ƙi buga shi, daga baya hoton ya shiga sahun mafiya shahara a ƙarni na 20. Gudun irin waɗannan mutane ne ya sa Henri Cartier-Bresson na Faransa yake sa a wanke hotunansa da baƙin layi zagaye da su, alamar nan ne iyaka, kada a taɓa. Da irin wannan hoto zai faɗo hannun Mai Almakashin Gudu, baƙin layin zai fara cirewa, domin a ganinsa datti ne.

Ka-Dai-Gane

Shi wannan ba ya rubuta komai. Da dare zai buga waya: "Gobe ka je Maitama ka ɗauko mana Hajiya. Abu mai kyau, ka dai gane." Bai ce na bango ba ne ko na ciki. Bai ce a tsaye ake so ko a kwance ba. Bai faɗi abin da labarin ya ƙunsa ba, ko Hajiyar 'yar kasuwa ce, ko shugabar gidauniya, ko matar wani ce kawai. Mai hoto zai je ya sha rana, ya jira mai kwalliya ta gama ɗaurin ɗankwali na uku, ya dawo da aiki.

"Kai, ba haka nake nufi ba."

"To, Oga, yaya kake nufi?"

"Abu mai aji. Ka dai gane."

Daga nan sai ya zaro waya ya nuna wani hoto da ya tsinta a Instagram, na wata mata tsaye a saman yashi a Dubai, rana na faɗuwa, raƙuma uku a bayanta. Kuɗin motar da ya ba mai hoto kuwa ko Gwagwalada ba zai kai shi ba.

Wanda ya san aiki ba haka yake yi ba. A Afrilun 1968 mujallar Esquire ta fito da Muhammad Ali a bango, tsaye, hannaye a baya, kibau sun soke jikinsa. George Lois ne ya tsara, Carl Fischer ya ɗauka. A lokacin an ƙwace wa Ali kambunsa saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, kuma Lois ya san saƙon da yake son isarwa tun kafin a kunna fitila: ya zo da samfurin tsohon zanen wani waliyyin Kirista, Sebastian, ya nuna. Ali ya yi turus, don shi Musulmi ne, sai da aka tuntuɓi jagoransa na addini ta waya ya amince. Kowa a ɗakin ya san abin da aka zo yi, babu wanda aka bari ya gane da kansa.

Mai Bilicin

Fata ce abokiyar gabarsa. Duk wanda ya shiga kwamfutarsa baƙi zai fito wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya fito fari, fari kuma ya fito Balarabe. Yakan goge kurji, ya goge tamoji, ya goge furfura, ya zarce ya goge tsagar gado da mutum ya yi shekara sittin yana alfahari da ita. Tumbi yakan matse shi har ƙyauren da ke bayan mai tumbin ya lanƙwashe. In ɗan takara ne kuma zaɓe ya matso, tabon sallar da aka goge wa wani shi ake ƙara masa.

Ranar da mujalla ta fito, dangin Hajiya sukan wuce ta a wurin mai jarida ba su gane 'yar'uwarsu ba. Ita kuwa takan sayi kwafi hamsin.

Manya ma sun taɓa zamewa a nan. A Fabrairun 1982 National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta domin hoton da aka ɗauka a kwance ya shiga bangon da ke tsaye, kuma har yau ana kafa misali da wannan a azuzuwan koyon jarida. A Yunin 1994 mujallar Time ta ƙara wa hoton ɗan wasan Amurka O.J. Simpson duhu, Newsweek kuma ta buga hoton nan ɗin yadda 'yan sanda suka bayar. Da aka jera su a kanti sai asiri ya tonu, Time ta sha suka har ta ba da haƙuri. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai hotonta Brian Walski saboda ya haɗe hotuna biyu daga Iraƙi ya mayar da su ɗaya. Ƙa'idar a bayyane take: hoton talla ana yi masa kwaskwarima, hoton labari ba a taɓa abin da ke cikinsa. Matsalar Mai Bilicin ita ce a mujallar da yake wa aiki babu wanda ya san inda talla ta ƙare, labari ya fara.

Mai Tsoron Fili

Farin fili a shafi asara ce a wurinsa, tunda an biya kuɗin takarda. Zai cusa kanun labarai goma sha biyu a bango, kowanne da irin harafinsa, ya sa tauraro mai ɗauke da farashi, ya sa tutar ƙasa, ya sa ƙananan hotunan mutum shida a ƙasa, ya zagaye komai da ruwan zinare. In ya hango ɗan sarari kusa da kafaɗar mai bango, sai ya saka fure. Mai hoto da ya ɓata lokaci ya bar sarari a saman kai don sunan mujalla ya zauna da kyau yakan tarar an dasa masa Dutsen Zuma a wurin.

Ɗan Fasaha

A ɓangaren masu kyamara, wannan ne babban ciwon kan mai tsara shafi. Baƙaƙen kaya yake sawa, da ƙyalle a wuya ko da a tsakiyar bazara. Ba ya cewa ya ɗauki hoto, sai dai ya ce yana ba da labari. An ba shi minti ashirin da babban sakatare, zai kashe goma sha biyar yana kallon taga yana cewa haske bai yi ba, a jira la'asar sakaliya. Abin da zai kawo a ƙarshe: hannun mutumin riƙe da carbi, takalminsa a bakin ƙofa, inuwarsa a jikin labule, sai hoto ɗaya tak na fuska, rabinta cikin duhu. Duka baƙi da fari ne, duka kuma a kwance, alhali bango a tsaye yake.

Bakinsa ba ya rabuwa da sunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, kuma ya yi gaskiya, gwanaye ne. Sidibé har babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venice ya karɓa a 2007. Abin da Ɗan Fasaha ke mantawa shi ne mutanen nan masu shagon hoto ne. Jama'a ke cin ado su zo, su biya, su karɓi hoton da suka fito fes a ciki, da fuskarsu gaba ɗaya. Duniya ta zo daga baya ta kira abin fasaha. Shi kuwa ya fara da sunan, yana jiran aikin ya biyo baya.

Ɗan Biki

Daga Alhamis zuwa Lahadi yana wurin kamu da ɗaurin aure da dina. Litinin ce ranar mujalla, kuma da idon biki yake zuwa. A gabansa kowa ango ne. Zai dubi shugaban hukuma mai shekara sittin da biyar ya ce: "Ranka ya daɗe, ɗan karkato kai. Yawwa. Dafa haɓa. Kalli nesa, ka yi ɗan murmushi." Hoton da za a buga da hira kan bashin ƙasa sai ya fito tamkar na kafin aure.

Yana da sauri, yana da arha, ba ya musu, shi ya sa ake son sa. Amma ba ya zaɓe. Duk abin da kyamara ta haɗiya zai juye wa mai tsara shafi, har da na silin da na bayan kan direba. Kuma ta WhatsApp zai turo, wanda ke matse hoto ya rage masa ƙarfi in ba a tura shi a matsayin fayil ba. A waya hoton zai yi kyau. Amma ɗab'i mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 yana bukatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. In aka ja hoton WhatsApp ya cika bango, aikin babbar riga sai ya narke, idanu su zama tabo biyu. Mai tsara shafi zai kira ya nemi na asali.

"Wayyo, Oga, ai na goge katin. Asabar na yi bikin 'yar wani kwamishina."

Akwai kuma tambarinsa, da lambar waya biyu, da yake shimfiɗawa a ƙirjin duk wanda ya ɗauka.

Ɗan Talla

Shi da mota yake zuwa, da yara uku, da fitilu masu lema, da allon baya, da takardar farashi mai shafi biyu. Kamfanonin waya da bankuna da masu gidaje ne abokan cinikinsa. Kwalbar lemo ɗaya yakan yini a kanta, yana fesa mata ruwa yana gyara fitila. Ba ya danna kyamara sai an biya kafin alƙalami, kuma kafin ya faɗi kuɗi sai ya yi tambayoyin da ke tayar wa mawallafi da hawan jini: a ina za a yi amfani da hoton, shafin ciki ko bango, za a kai shi allon talla na hanyar filin jirgi, na wata nawa?

"Hoton ne kuma za a ba mu haya?" in ji mawallafi. "Ba mun biya ka ka ɗauka ba?"

A nan Ɗan Talla ke gyara zama ya fara lacca, kuma abin haushin shi ne yana da gaskiya. A wannan sana'a kuɗin yini daban, kuɗin amfani daban. Hoton da zai fito sau ɗaya a shafi na 14 ba farashinsa ɗaya da wanda zai shekara a kan titi ba. Laifinsa kawai shi ne in an kawo shi aikin labari yakan ɗauki manomi da makiyayi da mai sayar da tumatir kamar duk sabulu suke tallatawa, kowa na sheƙi, kowa na dariya.

Ba dole ne talla ta kashe ido ba. J.D. 'Okhai Ojeikere ya yi wa kamfanin talla aiki a Legas daga 1963 zuwa 1975, kuma a cikin waɗannan shekaru, a 1968, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, aikin da ya kai kusan hotuna dubu, wanda yau ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya.

Ɗan Bakin Ƙofa

Ba a gayyace shi ba, kuma bai taɓa fashi ba. Duk taron da za a yi a Babban Ɗakin Taro na Ƙasa da Ƙasa ko a manyan otal-otal na Abuja, yana nan tun kafin masu shara su gama. Yakan ɗauki kowa da ke shiga, ya ruga ya wanke, kafin a tashi ya shimfiɗa hotunan a ƙasa a bakin ƙofa, kowa ya sunkuya ya nemi kansa. Manyan masu hoto ba sa gaisawa da shi.

Amma daren da za a kai aiki maɗaba'a, lokacin da Ɗan Fasaha ya kashe waya, Ɗan Biki yana Kaduna, Ɗan Talla kuma yana jiran alat, lambarsa ake nema. Shi kaɗai ke da hoton shugaban kwamiti yana miƙa wa Hajiya lambar yabo, duk da cewa wani ya gifta kuma shugaban ya rufe ido. Ya ceci mujallu da yawa, kuma da wuya a samu wadda ta taɓa buga sunansa.

Mawallafi Za-Ka-Yi-Suna

Duk rigimar da ke tsakanin mai kyamara da mai kwamfuta, a teburin wannan take samo asali. Yana da katin gaisuwa mai ruwan zinare da ke cewa shi ne shugaba, mawallafi, kuma babban edita. In mai hoto ya kawo maganar kuɗi sai ya dafa kafaɗarsa: "Ƙanena, kai ba ka hangen nesa. Mujallar nan ofishin kowane sanata take shiga. Za ka yi suna." Mujalla ta fito, an jera sunan shugaba, da mataimakin shugaba, da mai ba shugaba shawara, da lauyan kamfani, babu na mai hoto. In an yi sa'a an sa, to an rubuta shi ba daidai ba. Cikon kuɗi kuwa yana jiran Onarabul ya biya, Onarabul yana jiran a saki kasafi.

Shi ne kuma ke tsayawa a bayan mai tsara shafi yana nuna allo da makullin mota: a ƙara girman tambari, a matsar da wannan, a mayar da shi inda yake. In babu hoto sai ya ce a ɗauko a intanet, ai na kowa ne.

Ba na kowa ba ne. Kokawar masu hoto kan mallakar aikinsu tsohuwa ce; ita ta sa Robert Capa da Cartier-Bresson da abokansu suka kafa ƙungiyar Magnum a 1947, domin hoto ya ci gaba da zama na wanda ya ɗauka ko bayan mujalla ta buga shi. A Najeriya hoto na cikin ayyukan da dokar haƙƙin mallaka ta kare, sabuwar dokar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Maris ɗin 2023. Hukumar da ke kula da ita tana nan Abuja, tafiyar 'yan mintuna daga Gudu. Mawallafin ya san hanyar gidan kowane ɗan majalisa, ban da wannan.

Onarabul da Ɗan Jakarsa

Shi ne mai bango, kuma tunda shi ya sayi shafuka takwas na taya kai murna a ciki, shi ne ainihin daraktan zane. An sa ƙarfe goma na safe. Zai fito bayan Magariba, haske ya tafi, ya ce yana da minti biyar. Waya biyu na hannunsa, ba ya ajiye ko ɗaya. Ɗan jakarsa, wato mai taimaka masa na musamman, shi ke gyara masa hula, ya leƙa bayan kyamara bayan kowace dannawa, ya girgiza kai: "Maigida ba ya son wannan ɓangaren."

Bayan an zaɓa, an gyara, an tsara, sai a tura wa ɗan jaka ya nuna wa Maigida. Maigida ya ce ya yi. Da tsakar dare Hajiya ta gani ta ce bai yi ba, ya tsufa a ciki. Da asuba ɗan jaka zai turo wani hoton da aka yi fastar kamfe da shi zaɓe uku da suka wuce, lokacin Maigida na da gashi da wuya, a ce shi za a sa. Hoton kuma daga jikin kalanda aka ɗauke shi da waya, har ana ganin ƙusa.

Ba duka manya ne haka ba. Waɗanda suka gane darajar hoto sukan ɗauki gwani su sakar masa mara: TY Bello ta yi wa Shugaba Goodluck Jonathan aiki, Bayo Omoboriowo ya bi Buhari daga 2015, kuma hotunansu sun yi tasiri a yadda jama'a ke tuna waɗannan shugabanni. Onarabul ya ga hotunan, ya yaba, ya ce a yi masa irinsu cikin minti biyar.

Mai Maɗaba'a

Shi ne na ƙarshe a layi, don haka kowane laifi a kansa yake sauka, shi kuma ya sauke shi a kan inji. Allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. In mai tsara shafi bai juya aikinsa zuwa tsarin tawada ba, shuɗiyar shaddar Alhaji takan fito ruwan makuba, koren tuta ya koma na kuka. In bai bar rarar milimita 3 a gefen shafi ba, wuƙar yanka takan ci kan hula ko ta bar farin zare a baki. Shafuka kuma huɗu-huɗu suke tafiya, saboda haka tallar da mawallafi ya samo a daren ƙarshe tana nufin a nemo wasu shafuka uku ko a jefar da hoton wani. Na Ɗan Fasaha ake fara jefarwa.

Mai Maɗaba'a ya san duk wannan, ya kuma ga kuskuren tun da aka buɗe fayil. Bai faɗa ba ne saboda ba a tambaye shi ba, kuma har yanzu ba a biya shi na bugun da ya wuce ba.

Waɗanda Ba a Jin Hayaniyarsu

Akwai kuma mai tsara shafi da mai hoto da ke zama tare kafin ranar ɗauka. Takarda ɗaya suke rubutawa: abin da labarin ya ƙunsa, hoto nawa ake so, wanne a tsaye, wanne a kwance, inda za a bar sarari don kanu, kuɗi nawa, yaushe za a biya, a ina za a yi amfani da hoton, da iyakar gyaran da aka yarda a yi masa. Mai hoto ya kawo abin da aka nema, ya ƙara da biyu ko uku na ra'ayinsa. Mai tsara shafi in zai datse ya kira ya faɗa.

Irin wannan fahimta ce ke ba sa'a wurin shiga. A farkon 2016 TY Bello na ɗaukar mawaƙi Tinie Tempah a kan titi a Legas, sai wata mai tallar burodi, Olajumoke Orisaguna, ta gifta da tirenta a ka. A hannun wani da an goge ta. Bello ta bar ta, ta neme ta, ba a daɗe ba ta hau bangon ThisDay Style. A Arewa ma ba a rasa masu ido ba: Fati Abubakar ta fara nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Maiduguri a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙi, Sani Maikatanga kuma ya daɗe yana adana hawan sallar Kano. Masu kyamara na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mujallar da za ta faɗa musu abin da take so, ta biya su a kan lokaci, ta bar hoton ya sha iska a shafi.

Mai karatu da ya ɗauki mujalla a ɗakin jiran wani ofishi a Gudu ko Garki zai iya gane wace iri ce a hannunsa cikin minti ɗaya. Ya duba gefen hoton bango ko shafin da aka jera ma'aikata. In ya ga sunan wanda ya ɗauki hoton, an rubuta shi daidai, to akwai mai tsara shafi a gidan da ya san aikinsa. In bai gani ba, mai yiwuwa mai hoton yana nan a baranda kusa da janareto, yana jiran cikon kuɗinsa.